Lambun Ƙaramin Gida: Shukar bokiti ba ta da kowa sai mai ita

Wasiƙun da suka iso wannan watan sun fi na kullum yawa, kuma fiye da rabinsu kuka ɗaya suke yi: na shuka, ya tsiro, ya yi shar na sati uku, daga nan sai ya fara ja da baya. Na san wannan ciwon. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shuka a wata baranda mai tsawon taku bakwai da faɗin taku biyu, da wani ɗan lungu a bayan ɗakin girki, kuma a shekara biyun farko na juye ƙasar bokitai da yawa kafin in gane inda gizo ke saƙar. Na zaɓo wasiƙun da amsarsu za ta amfani wasu ma. Na taƙaita wasu, masu su su yi mini uzuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a hawa na biyu a gidan haya, ba ni da fili sai baranda. Na samo bokitai huɗu, na cika su da ƙasar da na ɗebo a bayan gida, na dasa tumatir da attarugu. Safe da yamma nake ba su ruwa, ban taɓa fashi ba. Yanzu ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, kuma da rana sai su yi yaushi alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Me na yi ba daidai ba? Daga wata ɗalibar aikin jinya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, je ki ɗaga bokiti ɗaya ki duba gindinsa. Ba ki ambaci huji ba a wasiƙarki, kuma ina kyautata zaton babu shi, ko kuwa guda ɗaya ne ƙarami ya toshe.

Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan kafofi da iska ke zama a ciki. In ruwa ya cika su ya kwanta kwana biyu ko uku, sai saiwar ta shaƙe ta fara ruɓewa, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta jan ruwa. Shi ya sa kika ga shuka tana yaushi alhali ƙafarta na cikin ruwa. Ke kuma da kin ga yaushi sai tausayi ya kama ki ki ƙara mata, abin ya ƙara dagulewa. A gona ba kasafai haka ke faruwa ba, don ruwa yana da inda zai gangara, saiwa kuma tana da inda za ta miƙa ta nemo abin da ta rasa. Ta bokiti ba ta da wannan gatan. Iyakar duniyarta lita 20 ce. Abin da kika zuba shi za ta ci, abin da kika hana ta ba mai ba ta, abin da ya yi mata yawa kuma ba ta da inda za ta kai shi.

Ki sa ƙusa mai kauri a wuta ki yi huji shida zuwa takwas a gindin kowane bokiti, ki ɗora shi a kan bulo biyu don ruwan ya sami hanyar fita. Za a ce miki ki zuba tsakuwa a ƙasan bokitin kafin ƙasa. Na yi haka shekara da shekaru, na daina. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika ta batse, don haka tsakuwar tana ɗago wurin da ruwa ke kwanciya ne ta kawo shi kusa da saiwa, ga shi ta cinye wurin da ƙasa za ta zauna. Ɗan yankin buhu ko raga a kan hujin ya isa ya tare ƙasa.

Sai ita ƙasar. Ƙasar bayan gida zalla, musamman mai laka, in ta sha ruwa ta bushe a cikin bokiti sai ta daskare kamar tubali. Ni kashi uku nake yi: kashi ɗaya ƙasar sama mai kyau, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya abin da zai sassauta ta, ko yashi mai kaushi, ko ɓuntun shinkafa, ko dakakken ɓawon kwakwa. In na cakuɗa sai in yayyafa ruwa in dunƙula a tafin hannu. In ta dunƙule, na taɓa ta da yatsa ta wargaje, ta yi. In ta zama curi irin na maginin tukwane, laka ta yi yawa. In ta ƙi dunƙulewa sam, yashi ne ya yi yawa.

Da na ce ruɓaɓɓen taki, da gaske nake. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da za su hau ganyen da za a ci. A Amurka, dokar noman da ba a sa sinadari ta ce in an zuba ɗanyen taki sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓa ta. Takin da ya nuna baƙi ne, ba ya ɗumi, ba a gane daga me ya fito, ƙanshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko. Kada ki cakuɗa ɗanyen garin katako a ciki, don ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna kwashe sinadarin naitirojin da ganye ke buƙata.

Ban ruwa kuma, ki daina bin agogo. Ki cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki bar ta. In kin ji bushewa, ki zuba a hankali a gindin shukar har ruwa ya fito ta hujin. A tsananin zafi wannan zai iya zama sau biyu a rana, a lokacin sanyi ko damina kwana uku ma ya wuce ba ta nema ba. Da sannu hannunki zai san nauyin bokiti mai ƙishi da na wanda ya ƙoshi.

Waɗanda ke hannunki yanzu, ki zare ɗaya a hankali ki duba. Farar saiwa mai ƙwari alamar rai ce, ki sake mata ƙasa. In ta yi launin ƙasa-ƙasa, ta yi laɓo-laɓo tana wari, ki sake sabon dashe. Tumatir ɗaya a bokiti mai lita 20, kada ki haɗa biyu. Attarugu da tattasai lita 10 zuwa 15 ta ishe su, latas da alayyafo zurfin santimita 15, karas kuwa sai 30.

Abu na ƙarshe, ki tambayi abin da bokitin ya taɓa ɗauka. Wanda aka zuba baƙin mai ko maganin feshi ko wani sinadari, ba na abinci ba ne ko an wanke shi sau goma. Robar da aka buga wa lamba 2 ko 5 a cikin ɗan alamar nan mai kusurwa uku ita aka fi yin mazubin abinci da ita. Kada kuma ki ɗebi ƙasa a bakin babban titi ko gindin tsohon bango mai ɓarɓashin fenti, saboda dalma. Sai a shekarar 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma a ƙasa ta ƙarshe da ta rage, wato Aljeriya, amma dalmar da ta riga ta sauka a ƙasa ba ta ruɓewa, tana nan.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Tsakar gidana tsukukkiya ce, katanga ta kewaye ta, ga benen maƙwabci ta gabas. Na lissafa, rana ba ta wuce awa uku a wurin. Sau biyu ina shuka tattasai, sai ya yi tsawo kamar zare, ba ya 'ya'ya. In haƙura? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, na ji daɗi da ka lissafa awannin, don yawancinmu sai mun shuka muke tunawa da rana. Da tattasai za ka haƙura, lambu kam yana nan. Duk abin da ake shukawa don 'ya'yansa, tumatir ne, tattasai ne, kuɓewa, yalo ko kokwamba, yana son rana ta doke shi kai tsaye awa 6 zuwa 8. Da hasken ne ganye ke haɗa sukarin da shuka ke gina 'ya'ya da shi, kuma babu takin da zai tsaya a madadinsa. Tsawon nan kamar zare miƙewa ce ta neman haske.

Awa uku zuwa huɗu ta ishi masu ganye: latas, lansir, lawashin albasa, na'a-na'a. Alayyafo ma zai yi, sai dai ba zai yi saurin da yake yi a fili ba. Latas ma inuwarka gata ce gare shi in gari ya yi zafi, don zafi ne ke sa shi ya miƙe ya yi tozo ya yi ɗaci. Ka shafa wa katangar farin fenti ko farar ƙasa, hasken da za ta mayar ba kaɗan ba ne. Ka ɗora mazuban a kan kanta ko ka rataye su, don a tsukukun wuri mita ɗaya sama kan ƙara wa shuka rana. Bayan wata uku ka sake lissafi, saboda hanyar rana tana karkata kudu da arewa a cikin shekara. Ka kuma rage ban ruwa, ƙasar inuwa ba ta saurin bushewa.

TAMBAYA: Anti, tumatirina ya kai ƙirjina, ganye shar, yana fure sosai amma furen na kakkaɓewa. 'Yan ƙwayoyin da suka kama kuma gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. An ce in zuba ɓawon ƙwai. Kokwamba ma fure kawai take yi. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanena, matsala uku ka ɗauro a tsumma ɗaya. Kakkaɓewar fure yawanci zafi ne. In rana ta haura digiri 32 a ma'aunin Selshiyos, dare kuma bai sauko ƙasa da 21 zuwa 24 ba, garin furen tumatir yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi. Baranda da daɓen siminti suna riƙe zafi su sake shi da dare, abin ya fi tsanani a kanmu masu shuka cikin gari. Ka yi masa inuwa daga azahar zuwa la'asar da wani yadi marar kauri, in kuma zafin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ka ci gaba da kula da shi, da gari ya sassauta zai kama. Furen tumatir yana ɗauke da namiji da mace a wuri guda, girgiza kawai yake so. A gona iska da ƙudan zuma ke yi masa, a lungun da iska ba ta shiga kai ne za ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa sandar da ka ɗaure shi da hantsi.

Ganye shar da tsawo har ƙirji sun sa ina zargin ka cika masa taki mai naitirojin. Lambobi ukun da ke jikin buhun takin zamani, irin su 15-15-15, na farko na ganye ne, na biyu ya fi taimakon saiwa, na uku fure da 'ya'ya. Da shuka ta fara fure sai a sassauta na farkon. Kuma a bokiti kaɗan-kaɗan ake bayarwa, kamar ƙaramin cokali ɗaya duk sati biyu zuwa uku, nesa da kara, a bi da ruwa.

Baƙin gindin ba ƙwaro ba ne, ba kuma ya yaɗuwa. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan tumatirin ba. Sau da yawa kalsiyam ɗin yana cikin ƙasar, ruwa ne ke ɗaukarsa ya kai sama, to in yau ƙasa ta bushe ƙayau gobe ta sha ta ƙoshi, sai isar ya yanke. Ɓawon ƙwai yana daɗewa ƙwarai kafin ya narke, ba zai ceci na bana ba. Ka cire waɗanda suka lalace, ka daidaita ban ruwa, ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa.

Kokwamba da kabewa kuwa furensu biyu ne. Na mace yana da ɗan ƙaramin ɗa a bayansa, na namiji kan siririn tsinke yake, kuma maza ne ke fara fitowa da yawa. In matan sun fito suna faɗuwa, ƙudan zuma ne ba ya zuwa wurinka. Da sassafe ka tsinki na namiji, ka cire ganyen furen, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar na mace.

TAMBAYA: Malama, wasu ƙananan ƙwari kore da baƙaƙe sun cika bayan ganyen attaruguna, ganyen yana danƙo yana nannaɗewa, ga kiyashi na ta hawa da sauka. Ina da yara ƙanana da ke wasa a wurin, ina tsoron maganin feshi. Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Darɓa ce. Tana tsotsar ruwan ganye ta fitar da wani ruwa mai zaƙi, shi ne danƙon da kike ji. Kiyashin kiwon ta suke yi: suna shan zaƙin, suna kore mata maƙiya, har sukan ɗauke ta su kai sabon reshe. Shi ya sa in na ga kiyashi sun yi layi a kan shuka nake juya ganye tun kafin in ga komai.

A lambun bokiti goma, hannu da ruwa sun fi kowane magani. Ki cire ganyen da ya fi lalacewa, ki wanke sauran da ruwa mai ɗan ƙarfi, ki murje na kan toho da yatsa. Sannan ki narka ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa marar bilic a lita ɗaya, ki fesa a bayan ganye, inda suke. Sabulun sai ya taɓa jikin ƙwaron yake aiki, don haka ki maimaita duk bayan kwana huɗu ko biyar, sau uku. Ki fara gwadawa a ganye biyu ki kwana ki gani. Da yamma ake feshi, in rana ta yi sanyi, don kada ganye ya ƙone, ƙudan zuma kuma ya riga ya koma. Darbejiya ma tana aiki. A 'ya'yanta sinadarin ya fi yawa: a daka busassun ƙwayoyin, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa. Ba ta kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma take yi, sai an yi mata haƙurin kwanaki. Ruwan jiƙon kuma ki ɗauke shi daga inda yara za su kai.

Mai tumatir kuma ya riƙa lura da wani ƙwaro daban. In ka ga fararen tabo a ganye kamar an kankare cikinsa an bar fatar, ka ɗaga shi a haske za ka ga 'yar tsutsa a ciki. Wannan ita ce Tuta absoluta, asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifaniya a 2006, daga nan ta bazu Turai da Afirka da Asiya. Da yake tana cikin ganye, feshin sama ba ya cika kai mata. A tsinke ganyen da ta shiga tun da wuri, a ƙulle a leda a bar shi a rana, kada a jefa shi cikin takin da ake haɗawa.

In har ta kai ga sai kin sayi magani, ki karanta takardar jikinsa: ko an yarda a sa shi a kayan lambu, da kwana nawa za a jira kafin a ci. Wanda aka ɗura a kwalbar da ba rubutu, kada ya shigo gidanki.

TAMBAYA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na yi ritaya, ina da rufin siminti a saman gidana, fili ne babba yana zaune banza. Ina so in cika shi da ƙasa in yi lambun da zai ciyar da gidan. Ta ina zan fara? Daga wani dattijo.

AMSA: Amin Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ku fara da kiran injiniyan gini, tun kafin a hau da kwano ɗaya na ƙasa. Ina faɗin haka ne don ƙasa tana da nauyin da ido ba ya gani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 25 zuwa 30, wato bokiti 40 sun kai tan guda. Fangali mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, zurfin santimita 30, yana iya haura kilo 400. Ba kowane rufi aka zuba don ya ɗauki wannan ba. In injiniya ya amince, a jera masu nauyi ta gefen bango da saman ginshiƙai, a bar tsakiya. Kada ƙasa ta kwanta kai tsaye a kan simintin, don danshi zai ratsa ya ci ƙarfen ciki ya ɓullo a silin ɗinku. A ɗaga kowane mazubi a kan bulo ko katako, a riƙa duba magudanar rufin kada ganye ya toshe ta. Sama kuma akwai iska da zafi fiye da ƙasa, ruwa zai ƙare da wuri, dogayen shuke-shuke sai an ɗaure su. In jikoki za su riƙa bin ku sama, a duba tsayin katangar gefe.

Idan akwai ɗan wuri a ƙasa, ku gwada lambun buhu. A unguwar Kibera da ke Nairobi, inda ɗaki ke manne da ɗaki, wata ƙungiyar agaji ta Faransa mai suna Solidarités ta yaɗa shi tun daga 2008, mutane suka riƙa samun ganye a ƙofar ɗakinsu. Ana tsayar da buhu, a sa gwangwanin da aka fasa gindinsa a tsakiya, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye da shi, a ɗago gwangwanin a sake cikawa, har a kai baki. Sai ya zama akwai ginshiƙin tsakuwa a tsaye a tsakiyar buhun. Wannan ba irin tsakuwar gindin bokiti ba ce da na hana ɗazu, wannan hanya ce da ruwa ke bi daga sama ya rarrabu har ƙasa. A tsattsaga jikin buhun a dasa ganye a kowace tsaga, a dasa a sama ma. Wurin da bai fi na kujera ɗaya ba sai ya ɗauki tushe ashirin ko fiye.

Batun ciyar da gida kuwa, ba zan yi muku zaƙin baki ba. An yi birane da lambu ya riƙe su da gaske. Havana ta ƙasar Kuba ta koma noman cikin gari bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, lokacin da mai da takin zamani suka yanke. A Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi lambunan gida kusan miliyan 20, da aka ƙiyasta sun ba da wajen kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun ƙasar. Amma waɗannan filaye ne da hannaye masu yawa. Rufi ɗaya zai wadata ku da ganye da kayan ƙanshi kusan duk shekara, da attarugu, da tumatir a lokacinsa. Alayyafo sati uku zuwa huɗu ya isa yanka, in an yanka sama kuma ya sake tohowa. Hatsi da dankali da albasar ajiya ba za su biya wahalar hawa da ruwa ba. Ku fara da mazubi shida, Baba, ku ga yadda gwiwa da ruwa za su ɗauka na wata uku.

TAMBAYA: Anti, ruwa yana mana wuya. Zan iya ba shuka ruwan wanki da na wanke-wanke? Daga wata mai ɗinki.

AMSA: Ƙanwata, ruwan da kika ɗauraye shinkafa ko ganye ko 'ya'yan itace da shi, zuba shi ba fargaba. Na wanki da omo da bilic, a'a. Yana ɗauke da gishiri, kuma a bokiti gishirin ba shi da inda zai gangara, sai ya taru ya yi farin ɓawo a sama, bakin ganye ya ƙone. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ki ba furanni, a gindi, ranar da aka yi shi. Kada ya taɓa ganyen da ake ci ɗanye.

Riƙe ruwan da kika zuba ya fi neman ƙari sauƙi. Ki rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ganye kaurin yatsa biyu ko uku. Ki matso da mazuban kusa da juna su yi wa juna inuwa. Baƙin bokiti ki naɗe shi da buhu, don rana na dafa saiwar da ke jikin roba. A babban mazubi ki binne ƙaramin tulu na yumɓu wanda ba a shafa wa komai ba har wuya, ki cika shi ki rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa, in ƙasar ta bushe ya ƙaru, in ta jiƙe ya ragu. Dabarar tsohuwa ce, an rubuta ta a littafin noma na ƙasar Sin fiye da shekara 2000 da suka wuce. Ita nake dogara da ita in zan yi tafiyar kwana uku.

TAMBAYA: Malama, ina son furanni, amma maigidana ya ce ɓata wuri ne, kuma su ke tara mana sauro. Daga wata ma'aikaciyar banki.

AMSA: 'Yar'uwa, ki gaya wa maigida da ladabi cewa a ruwa sauro ke haihuwa. In akwai faranti a ƙarƙashin tukunyar fure ruwa na kwana a ciki, to yana da gaskiya, don daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ki cire farantan, ko ki riƙa zubar da ruwansu kina gogewa duk kwana uku, ki rufe duron ajiya. Cunkoson ganye kuma ki riƙa rage shi, don sauro na laɓewa a duhu mai danshi.

Fure yana da aiki a lambu. Shi ke kiran ƙudan zuman da zai sa kokwamba ta kama, da ƙwarin da ke cin darɓa. Ziniya da marigol daga iri suke fitowa, cikin wata biyu sun yi fure, suna jure rana. Fotulaka, mai buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, ko reshe kika karya kika soka sai ta kama, ba ta damu da ƙishi ba. Ana yawan cewa marigol na maganin tsutsar saiwa da ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli. Gaskiya ne, amma sai an cika ƙasar da shi na wajen wata biyu kafin a shuka kayan lambun. Tushe ɗaya a gefen bokiti ado ne kawai.

Ado ma bai zama abin kunya ba. Ni akwai tukunyar ziniya ja da nake gani daga taga in na tashi da asuba, kuma akwai shekarar da na yi jinya mai tsawo, ba abin da ya riƙa fito da ni baranda kamar ita. In da yara a gidan dai, ki guji oliyanda da kariya da zurma da zaƙami. Duk suna da kyan gani, duk suna da guba.

TAMBAYA: Anti, zan iya shuka 'ya'yan tumatirin da na saya don girki? Na'a-na'a kuma ina ake samun irinta? Daga wani yaro ɗan shekara 13.

AMSA: Ɗana, za ka iya, kuma ina so ka gwada. Ka zaɓi wanda ya nuna sosai, ka matse 'ya'yan a kofi da ɗan ruwa, ka bar su kwana biyu zuwa uku har santsin ya sake su, ka wanke ka shanya a inuwa. Sai dai in tumatirin irin haɗi ne, wanda ake rubuta wa F1 a jikin takardar iri, 'ya'yansa ba za su fito daidai da uwar ba, wani ya yi kyau wani ya gaza. Ka yayyafa a ƙaramin mazubi, ka rufe da ƙasa kaɗan, cikin sati guda za ka ga tsiro. In sun yi ganye huɗu sai ka dasa mafi ƙarfi, ka binne karan har kusa da ganyen farko, don karan tumatir yana fitar da saiwa duk inda ƙasa ta rufe shi.

Na'a-na'a ba sai ka nemi iri ba. Ka sami ɗanyen reshe mai tsawon yatsanka, ka cire ganyen ƙasa, ka sa shi a kofin ruwa a bakin taga, kana canza ruwan duk kwana biyu. Cikin sati ɗaya ko biyu za ka ga fararen saiwoyi. Ɗoɗɗoya ma haka ake mata. Ka ba na'a-na'ar mazubinta ita kaɗai, don tana bin ƙarƙashin ƙasa ta mamaye duk abin da ke kusa da ita. In ta kai tsawon tafin hannunka ka tsinke kanta, za ta fito da rassa biyu a wurin. Ka rubuto mini ranar da ka ga saiwar farko.